Na saƙa wa kyanwata gadon lilo ta ƙi hawa, maigida kuma ya ce sai an ba da ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyanwa da na raina tun tana 'yar ƙarama, yanzu shekararta biyu. Ba ta da wurin kwana sai gadonmu da kan kayan da aka goge. Ina ɗauke da juna biyu wata shida, maigida ya ce kafin in haihu ko dai ta daina hawa gado ko a ba da ita. Na iya saƙar kwarashi, sai na saƙa mata gadon lilo da ulun da ya rage daga kayan jariri, da irin saƙar shawul mai huji-huji, na ɗaure shi a ƙafafun kujerar roba. Ranar farko ta hau, ya saki har ta taɓa ƙasa, farcenta ya maƙale, ta fizge ta gudu. Tun daga nan ko kallonsa ba ta yi. Ba na son rabuwa da ita, ba na kuma son mu yi ta sa-in-sa da maigida. Yaya zan yi?
Wata 'yar'uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa.

Dabararki mai kyau ce, kuma wata ukun da ya rage miki ya isa a gyara komai. Abin da ya ɓata aikin shi ne kin saƙa wa kyanwa abu da hannun da kika saba saƙa wa jariri. Kayan jariri laushi ake nema a cikinsu, da sassauci, da ado. Gadon kyanwa kuwa nauyi zai ɗauka, kilo 3 zuwa 5 na dabbar da ke durowa a kansa da farata a buɗe. Don haka ana so ya zama kamar tabarma, a cike, a matse, ba ya ba da kai. Abubuwa uku ne suka haɗu suka kunyata ki: zaren, irin saƙar, da kujerar.

Mu fara da zaren. Yawancin ulun da ake sayarwa a kasuwa don huluna da safar jarirai na roba ne, wato akirilik. Yana miƙewa idan aka ɗora masa nauyi, kuma ba ya komawa daidai yadda yake. Lokacin hunturu yana tara wutar nan mai tsartuwa idan gashi ya goge shi, kyanwa kuma ta tsani hakan, sau ɗaya ya tsarge ta a hanci sai ta ƙaurace wa wurin. Da bazara kuma yana riƙe zafi. Ki nemi zaren auduga mai matsakaicin kauri ki haɗa biyu ki saƙa su tare, ko igiyar auduga mai kaurin milimita 3 wadda masu saƙa jakunkuna da maratayin tukunyar fure suke amfani da ita. Idan kina shakkar ko zaren auduga ne, ki yanki ɗan guntu ki kai masa ashana a cikin faranti. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Wasu suna yanka tsofaffin rigunan singileti su mai da su zare. Yana da arha, yana da daɗin kwanciya, amma ya fi ulu saki, don haka ba mu ba ki shawararsa a wannan aiki ba. Giram 300 na auduga zai isa, amma ki sayi 400 don gefuna su ci ba tare da kin koma kasuwa neman kala ɗaya ba. Kwarashi ki ɗauki mai lamba 5 ko 5.5, wato mai kaurin milimita 5 ko 5.5. Zai zama kamar ya yi wa zaren ƙanƙanta, haka ake so, don shi ne zai matse saƙar. Hannunki zai gaji, ki riƙa hutawa.

Sai irin saƙar. Duk saƙa mai huji tarko ce ga farcen kyanwa, domin farcen a lanƙwashe yake, yana shiga cikin sauƙi amma fita sai ta ɗaga ƙafa ta yi gaba da shi. Kyanwar da ta firgita kuwa baya take ja, sai ya ƙara kamawa, wani lokaci har farcen ya tsage ya yi jini. Ki bar dabul, wato saƙar nan mai dogayen idanu, ki bar saƙar fure da ta murabba'ai masu ido a tsakiya. Singil kaɗai za ki yi tun daga farko har ƙarshe: ki soka kwarashi a ido, ki jawo zare, madauki ya zama biyu a kan kwarashi, ki naɗa zare ki ja ta cikin biyun gaba ɗaya. Kuma ki riƙa kama zare biyun da ke saman kowane ido. Idan kika kama na baya kaɗai, saƙar za ta fito da layi-layi mai saki irin ta bakin hula, kin koma gidan jiya ke nan. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne ƙaramin yatsanki: in ya wuce ta tsakanin idanun saƙar ba tare da kin tura shi da ƙarfi ba, saƙar ta yi sako-sako, ki rage lambar kwarashi.

Kafin ki fara babban aikin, ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu, ki ɗora tef ɗin awo ki ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. Mata da yawa suna tsallake wannan don ganin ɓata lokaci ne, daga baya su warware aikin kwana uku. Da zare biyu a haɗe yawanci za ki sami wajen ido 12. In haka ne, ki ƙulla sarƙa 47, ki tsallake ta farko daga kwarashi, ki yi singil 46 a layin farko. Wannan zai ba ki faɗin kusan santimita 38. A ƙarshen kowane layi ki yi sarƙa ɗaya ki juya. Ki ci gaba har tsawon ya kai santimita 41. Ki riƙa ƙirga idanun bayan kowane layi biyar, domin idon ƙarshe a layi yakan ɓuya a manta da shi, sai ki ga saƙar tana tsukewa tana zama kamar ɗankwalin da aka yanka a karkace. In gwajinki ya ba ki ido 10 ko 14, lissafin ɗaya ne: ki ninka abin da kika samu da 3.8.

Gefen shi ne ƙashin bayan gadon, a nan ya kamata ki fi ba da hankali. Ki zagaya shi duka da singil, ido ɗaya a kowane layi a ɓangarorin tsawo, sannan singil uku a idon kowace kusurwa don kada ta nannaɗe. Idan kika ga gefen yana lanƙwasa kamar geza, idanu sun yi yawa, ki riƙa tsallake layi ɗaya a cikin kowane takwas ko goma. A zagaye na biyu ki kwantar da igiyar nailan mai kaurin milimita 3 ko 4 a kan gefen, ki yi saƙar a kanta yadda za ta ɓuya a ciki. Ki nemi zobban ƙarfe guda huɗu masu faɗin santimita 3, irin waɗanda aka haɗe bakinsu da walda, masu ɗinkin jakunkuna da takalma suna sayar da su. Na makulli ba su yi ba, suna buɗewa kuma bakinsu yana cin zare. Duk kusurwar da kika iso, ki zura igiyar nailan ɗin ta cikin zoben, sannan ki yi singil shida zuwa takwas ta cikinsa. Amfanin haka shi ne nauyin kyanwar zai sauka a kan igiyar da zoben, ba a kan idanu biyu ko uku na auduga da za su tsinke cikin wata ɗaya ba. Idan kin zagayo, ki ɗan ja igiyar ta fi saƙar matsewa kaɗan kafin ki ƙulle bakinta. Wannan ɗan jan shi ke sa gefe ya tsaya cak, tsakiya ta ɗan zurfafa, kyanwa ta samu abin jingina bayanta. Zagaye na uku ki rufe da saƙar zamewa, wato ki soka, ki jawo zare, ki wuce da shi ta madaukin da ke kan kwarashi kai tsaye. Gadon zai ƙare a kusan santimita 42 da 45.

Kada ki yi masa tuntu, ko geza, ko duwatsun ado, ko da kuwa zai fi kyau a hoto. Duk bakin zaren da ya rage ki bar masa tsawon santimita 15, ki zura a allura mai faɗin kafa, ki bi da shi cikin saƙar gaba, ki dawo baya, ki sake yin gaba, sannan ki yanke daidai jiki. Muna tsanantawa a kan wannan ne saboda zare yana kashe kyanwa. Harshenta yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, in ta fara haɗiye zare ba ta iya tofar da shi. Sau da yawa gefe ɗaya yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce cikin hanji, hanjin ya yi ta ƙoƙarin tura shi har ya tattare ya yanke. Alamarsa amai, ƙin cin abinci, kwanciya shiru da ƙin a taɓa cikinta. In kika ga zare yana leƙowa ta bakinta ko ta bayanta, kada ki ja shi ko kaɗan, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Ke da ke Zariya kina da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Kwandon saƙarki ma ki riƙa rufe shi a kabad idan kin tashi.

Da kin gama, ki wanke gadon kafin ki ɗaure shi, domin auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Ki shanya shi a kwance. In kika rataye shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo ta gefe ɗaya.

Kujerar roba ba za ta taɓa yi ba. Ƙafafunta suna da santsi, ƙulli yana zamewa ƙasa, ita kanta ba ta da nauyi, kyanwa na durowa take motsawa. Mafi sauƙi ki duba ko akwai kujerar katako mai sanduna a tsakanin ƙafafu, ko ƙaramin tebur mai nauyi. Ki ɗaure a saman sandar don ta tare ƙullin. In ƙafar ba ta da sanda, ki naɗa mata tsohuwar robar tub na keke sau uku, ki yi ɗaurin a kan robar. A ƙarƙashin kujera ki ɗaure a tsawon santimita 20 daga ƙasa, yadda za a bar wa kyanwar kusan 25 a sama ta shiga ba ta sunkuya sosai ba. Amma ki auna tsakanin ƙafafun tukuna: dole gadon ya gaza wurin da santimita 8 zuwa 10 ta kowace fuska, in ba haka ba babu inda za a ja shi ya miƙe. Idan kujerarku ƙarama ce, ki rage idanun saƙar. Abin da ya fi duka, in da hali, shi ne kafinta ya buga miki firam da katakon tu-bai-tu, wato mai kaurin inci biyu da biyu: ciki santimita 50 da 55, ƙafafu 35, da sanda a sama da wata a ƙasa don kada ya yi rawa, da ƙugiya mai rufaffen baki a kowace kusurwa a tsawon 30. Ki ce ya goge shi da samfefa, kuma in ya shafa fenti ko banish a bar shi a waje har warin ya fita sarai. Saƙar singil ta fi miƙewa ta tsawonta, wato ta inda layuka suka hau juna, don haka wannan ɓangaren shi za ki sa ta gefen 55.

Maɗaurin kada ya zama sarƙar kwarashi, ita ce ta fi komai saki. Ki yi amfani da igiyar nailan ɗin nan ko bel irin na jakar makaranta. Ki zagaya ƙafar sau biyu kafin ƙulli, ki yanke abin da ya rage ya zama bai wuce santimita 3 ba, ki ƙona bakin nailan ɗin ya narke don kada ya warware. Kada a bar wani madauki da kan kyanwa zai iya shiga. In tana da abin wuya mai ƙararrawa, gara ki cire shi.

Kafin ta sake hawa, ki gwada da ruwan leda. Kowace leda rabin kilo ce, ki jera 14 a tsakiyar gadon, kilo 7 ke nan, ki bar su su kwana. Da safe ki auna: zurfin da ya yi kada ya wuce santimita 10, kuma tsakanin gindinsa da ƙasa a sami aƙalla 10. Ki sake jan igiyoyin, don saƙa sabuwa dole ta saki a karon farko. Sannan ki tura shi da hannu ta gefe. In yana lilo sosai, bai matsu ba. Mu mutane ne muke jin daɗin lilo, kyanwa tana son abin da ta taka ya tsaya mata.

Yanzu sai aikin da ya fi saƙar buƙatar haƙuri, wato shawo kanta. Ta riga ta tsorata da wancan, don haka ki ɗauke shi da kujerar robar gaba ɗaya, sabon kuma ki sa shi a wani wuri dabam. Ki tuna abin da take nema a gadonku da kan kayan guga: ɗumi, ƙanshin mutanen gida, da tudu inda take hango kowa. Zafin jikin kyanwa digiri 38 zuwa 39 ne, ya fi namu, kuma tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, shi ya sa wurin kwana ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Sabon gadon sai ya ba ta waɗannan ukun kafin ta yarda ta sauya. Makon farko kada ki ɗaure shi, ki shimfiɗa shi a ƙasa a lungun falo inda ba a yawan wucewa, kusa da taga in akwai, nesa da murhu da inda take bayan gida. Ki ɗora masa tsohon zaninki da kika kwana da shi ba a wanke ba. Ki ɗauki ɗan ƙyalle ki shafa kumatunta, inda take goga wa ƙafar kujera don ta sa alamarta, ki goga a gefunan gadon. Kullum ki ajiye ɗan kifi da aka cire wa ƙaya a kai, ki tafi abinki. Idan ta fara kwanciya a kansa da kanta, sai ki ɗaure shi ƙasa-ƙasa yadda in ta hau zai ɗan taɓa daɓe, bayan kwana huɗu ko biyar ki ɗaga shi zuwa tsawonsa. Kada ki ɗauke ta ki ɗora, kada yara su danne ta a kai suna kaɗawa. Sau ɗaya aka yi haka sai an koma farko.

Ki rage mata tsinin farata kowane mako biyu ko uku da abin yankan farce, farin bakin kawai, kada ki kai ga jan da ke ciki domin akwai jijiya da jini a wurin.

Wajen tsabta, ki kakkaɓe shi kullum, ki wanke bayan mako ɗaya ko biyu da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙanshi mai ƙarfi, ki ɗauraye sosai, ya bushe a rana. Ƙwayayen ƙuma a wurin kwana suke zuba, wanki da rana suna rage su. Kada ki sa masa Dettol ko Izal, ko wani maganin da ke mai da ruwa fari, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai, kuma duk abin da ya taɓa gashinta lasa take yi. Fiya-fiya ma kada ya kusance shi, haka maganin ƙuma da aka yi don karnuka, da yawansu suna ɗauke da fametirin wanda guba ne ga kyanwa. Turaren wuta da humra ki bar su a ɗakinki. Da damina auduga mai kauri tana jinkirin bushewa ta yi fumfuna, in kin samu sarari ki saƙa na biyu ki riƙa musanyawa. Da hunturu ki ƙara mata tsohon tawul. Da bazara kuma in kika ga ta bar gadon ta miƙe a kan tayil ko gindin randa, ba ƙi ta yi ba, sanyi take nema, za ta dawo.

Game da maigida, ki sani yana da gaskiya a kan abu ɗaya: kyanwa ba ta kwana inda jariri yake kwance. Ba mugunta ce da ita ba, ɗumi take bi, jariri sabon haihuwa kuwa ba ya iya kau da kansa in wani abu ya rufe masa fuska. Kuma gadon lilo shi kaɗai ba zai hana ta hawa naku ba, komai kyansa. Abin da zai hana ta shi ne ƙofar ɗakin kwana a rufe, dare da rana, tun daga yau. Za ta yi kuka a bakin ƙofa ta yi ta karta na wasu darare. In kika buɗe mata sau ɗaya don tausayi, kin koya mata cewa naci yana biya, sai ta ƙara. Duka da watsa ruwa ba sa koya mata komai sai tsoronki. Dalilin da ya sa muke cewa yanzu shi ne don ta saba kafin jaririn ya iso, kada rufe ƙofa da baƙon kuka da cikar gida da 'yan barka su faɗo mata a mako ɗaya. Kayan guga kuma a riƙa sa su a kabad da zarar an gama.

Ki zauna da maigida ki nuna masa ba gardama kike yi ba, sharaɗinsa kike son cikawa. Ki faɗa masa abin da kika tsara, ki roƙe shi makonni shida, ki nemi ya taya ki da zancen kafinta da rufe ƙofar, domin in ke kina rufewa shi yana barinta a buɗe aikin banza ne. Akwai kuma abin da ya kamata ya karɓa daga hannunki har ki haihu: kwashe bayan gidan kyanwar. Kashinta yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tokzo, wadda likitoci ke kira toxoplasmosis, mai cutar da abin da ke cikin mai juna biyu. Ƙwayar tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyar bayan fitarta kafin ta iya kama mutum, shi ya sa ake kwashewa kullum ba a bari ya kwana biyu. In babu mai yi sai ke, ki sa safar hannu ta roba, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama. Kada a ba kyanwar ɗanyen nama, ki kuma faɗa wa ma'aikatan awon ciki cewa akwai kyanwa a gidan. Idan kin kai ta asibitin dabbobi, a yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma wanda aka yi don kyanwa, a rubuta miki ranar da za ki mayar da ita. Bayan haihuwa, gidan sauron jaririn a riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, kuma ko da rana kada a bar su su biyu a ɗaki ba babba.